Ɗigo na Biyu a Takardar Baba

A shekarar da gobara ta cinye babbar kasuwar Lome yayana ya kwanta. Wutar ta tashi a farkon shekara, shi kuma ciwon ya same shi bayan ƙaramar Salla, amma har yau mutanen unguwarmu haɗa su suke yi, su ce firgicin gobara ne ya kayar da shi. Ba shi da rumfa a ginin da ya ƙone. Shagonsa na kayan gyaran babur yana can unguwar Be. Likita ya ce hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, sai bayan sati uku magana ta fara dawo masa kaɗan-kaɗan. Abin da ya fara nema a wurina, da ya iya haɗa kalmomi, shi ne takardar Baba.

Sai na koma baya kafin a gane wace takarda ce.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Fataken goro ne asalinmu, kuma Baba shi ne mai rubuta wa mutanen Zango, unguwarmu ta Hausawa, wasiƙa da ajami tun muna tsohon Zango na tsakiyar gari, kafin a tashe mu. Ya raba mu biyu kamar yadda ake raba aiki. Yaya ya tafi lekol, makarantar Faransanci, don a samu mai karanta takardun hukuma a gida. Ni aka ajiye ni a gefen buzu, na koyi feƙe alƙalami da dama tawada. Yaya bai wuce haddar gajerun surori ba. Ajami kuwa, in ka nuna masa, harufa yake gani ɗaya-ɗaya, ba ya iya haɗa su.

Da ya kai shekara ashirin da biyar ya ce zai tafi Gabon neman aiki. Baba ya riga ya fara ciwo, ya hana shi. Suka yi sa-in-sa a zaure a gaban baƙi. Yaya ya faɗi wata kalma da Faransanci wadda Baba bai ji ma'anarta ba, amma ya ga waɗanda suka ji sun sunkuyar da kai. Ya tafi ba tare da izini ba. Inna ta rasu bayan shekara uku. Baba ya bi ta da shekara ɗaya. Ni na yi jinyar su duka biyun. Yaya bai iso ba sai bayan an yi sadakar arba'in ta Baba.

A cikin gafakar Baba na tsinci wata 'yar takarda da bai kai tafin hannu ba, da bisimilla a samanta da layi biyu a ƙasa, rubutun siririn alƙalami. Yaya ya riƙe ta, ya juya ta, ya miƙo min, ya ce, "Karanta min." Na karanta masa kamar haka: "Yau na zauna da uwar babban yaro a kan maganarsa, ta yafe masa duniya da lahira."

Ya ce, "Shi fa?"

Na ce, "Bai rubuta komai game da kansa ba."

Wanda bai san ajami ba, ga inda maganar take. Harafin nun da harafin ta, in suna farkon kalma, jikinsu ɗaya ne, ɗan haƙori ne a kan layi. Ɗigo kaɗai ke raba su. In ɗigo ɗaya ne a sama, nun ne, ka karanta "na". In biyu ne, ta ne, ka karanta "ta". Ni ɗigo biyu na gani, saboda haka Inna ce ta yafe, Baba kuwa ya yi shiru. Da wannan Yaya ya rayu fiye da shekara talatin. Ya haifi maza huɗu, bai sa wa ko ɗaya sunan Baba ba. Da dattawa suka yi masa magana a kan haka, ya ce ba shi da hurumin taɓa wannan sunan.

To, ita ce takardar da ya nema yana kwance. Na kawo ta ran wata Juma'a da yamma. Babbar 'yarsa tana nan. Mace ce mai kimanin shekara talatin, da 'ya'ya uku, tana aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Kakabeli. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa nake kiranta Uwata, ita kuma tana ce min Baba Ƙarami. Na sake karanta layin kamar yadda na karanta shi a da. Yaya ya rufe ido. Ita ta karɓi takardar ta kai bakin taga, ta ce in nuna mata wurin. Na nuna da farce. Ta ɗauka da wayarta, ta buɗa hoton da yatsu biyu, har ya watse ya zama 'yan murabba'ai.

Ta ce, "Baba Ƙarami, ɗigon nan biyu ba launinsu ɗaya ba."

Na ce, "Tawada ce. Wani lokaci alƙalami kan ƙare ruwa tsakanin ɗigo da ɗigo."

"Wataƙila. Amma ka kawo ta wurin aikina in sa ta a mikroskop."

Madubin nan nasu take nufi, mai ƙara girman abin da ido ba ya gani. Na ce, "Uwata, takardar da ke da sunan Allah a kanta za ki ɗora inda kuke ɗora jini da majina da bayan gida?"

Ta ce, "Zan goge da sifirit sau uku. In ka so ma in yi alwala."

Ban yi dariya ba, don a lokacin Yaya ya buɗe baki. Maganarsa tana fita a hankali, kamar ana jawo ta da igiya. Ya ce, "A ɗauko hoto. Ba na so a gaya min. Ina so in gani."

Bai kalle ni ba da ya faɗi haka. Ni kuwa na ji ta har cikin ƙashina.

Ran Lahadi bayan azahar na hau zemijan, wato ɗan acaɓa, na tafi Kakabeli, takardar tana cikin littafi, littafin yana cikin aljihun ƙirji, hannuna a kai duk tsawon hanya. Mai asibitin ya ba ta izini, tunda ranar babu gwaji. Ɗaki ne ƙarami mai sanyi da warin magani. Madubin yana kan tebur, yana da wurin sa ido guda biyu, da wani bututu na uku a tsaye wanda aka ɗaura wa kyamara, waya ta fito daga kyamarar ta shiga kwamfuta. A ƙasa akwai idanun gilashi a jikin wani faifai mai juyawa, kowanne da zobensa: ja, rawaya, shuɗi. Ta ce mai jan zobe yana ƙara girman abu sau arba'in, mai rawaya sau ɗari, mai shuɗi sau ɗari huɗu. Ta goge wurin sau uku kamar yadda ta yi alkawari. Na yi bisimilla na shimfiɗa takardar da hannuna.

Ta fara da mai rawaya, ta kunna fitilar ƙasa. Abin da ya fito a fuskar kwamfutar ya sa na ja da baya. Igiyoyi ne, dubbai, a sarƙe da juna kamar saiwoyin da ruwa ya tone. Na ce, "Innalillahi. Mene ne wannan ya shiga takardar?"

"Takardar ce."

"Wace takarda?"

"Taka. Duk takarda haka take."

Shekara hamsin ina ɗora alƙalami a kan takarda ina ɗauka santsi gare ta kamar fuskar ruwa. Ban gama da wannan mamakin ba ta matsa takardar kaɗan, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin daga gefe zuwa gefe. Na zaci wuta ce ta ɗauke. Ta ce a'a, mun faɗa cikin jikin harafin ne, girman ya yi yawa. Ta ce ta saba da ƙwayoyin jini, hannunta ya saba neman babba. Ta juya faifan zuwa mai jan zobe.

Nan matsala ta farko ta bayyana. Da ta leƙa da idonta, tana ganin harafin duka da rabin na kusa da shi. A kwamfuta kuwa tsakiyarsa kawai ke fitowa, babu sama babu ƙasa. Ta ce kyamarar kamar mai leƙe ta ramin mabuɗi take, tsakiya kaɗai take ɗauka, shi ya sa abu ke fi girma a wurinta fiye da a ido. Ta buɗe aljihun tebur ɗaya bayan ɗaya tana mita da Faransanci, har ta samo wani gajeren bututu mai gilashi a ciki wanda ke rage girman. Ta kwance kyamarar, ta sa shi a tsakani, ta mayar. Harafin ya shigo duka.

Sai dai ya shigo dishi-dishi, kamar an shafa masa man kaɗanya. Ta leƙa da ido, ta ce tar take ganinsa. Ta ce in leƙa. Na sunkuya, ban ga komai ba sai gashin idona da wani farin wata yana yawo.

"Baba Ƙarami, buɗe duka biyun. Wanda kake kallo da shi ne ma ka rufe."

"Na buɗe. Duhu nake gani."

"Ka cire tabaran, ka daina danna fuskarka kamar za ka shiga ciki."

Na haƙura na koma kujera. A jikin madubin akwai abin murɗawa guda biyu, babba da ƙarami, masu ɗaga abin da ake dubawa ko su sauke shi. In ta murɗa har kwamfuta ta nuna tar, ido ya ga hazo. In ta murɗa har ido ya ga tar, kwamfuta ta koma hazo. Ta yi haka ya fi sau goma. Ta ce ido da kyamara ba su yarda da juna ba. Daga baya ta duba wurin sa idon, ta yi tsaki. Abokin aikinta mai raunin gani ya murɗe zoben wurin don ya dace da idonsa, bai mayar ba. Ta mayar da shi kan sifili, ta saita harafin da idonta, sannan ta ɗauke hannu daga abin murɗawa ɗungurungum. Ta sassauta wata 'yar kusa a wuyan kyamarar, ta riƙa ɗaga kyamarar kanta tana saukewa a hankali, idonta a kan kwamfuta, har hazon ya yaye. Ta ɗaure kusar.

Na ga rubutun Baba, girmansa ya kai tsawon hannuna. Na miƙe tsaye ban sani ba. Ɗigon suna ƙarƙashin layi.

Na ce, "Subhanallahi! Uwata, ya ne! Ɗigo biyu a ƙasa, ya ne! 'Ya yafe masa.' Wa ya yafe? Wa Baba yake nufi?"

Na yi shekara talatin ina ganin ɗigon nan a sama, yanzu ga su a ƙasa, a gaban idona, da girman da babu mai musu. Har na fara tunanin ko Baba ya yi wa Allah shisshigi ne a rubuce, abin da ba halinsa ba ne. Ita kuwa ta kama cikinta tana dariya.

"Zauna, Baba Ƙarami, kada kai ma ka faɗi, gado ɗaya gare mu a gida. Madubin ne ke kifa komai. Sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. Mu ba ruwanmu, ƙwayar jini ba ta da kai ba ta da ƙafa."

"Harafi yana da su."

"Na gani yau."

Ta juya takardar, bisimilla ta koma wajen ƙasa. Ban so haka ba, amma na bar ta. A kwamfuta harafin ya miƙe daidai, haƙorinsa a sama. Sai na ƙirga ɗigon. Uku ne.

Wannan karon ban yi ihu ba. Ɗigo uku a sama ca ne a ajaminmu, kuma "ca yafe" ba magana ba ce a kowane harshe da na sani. Na nuna mata da yatsa. Ta daina dariya, ta matso. Ta ce, "Dakata." Ta tura takardar dama kaɗan. Harafin ya tafi, ɗigo biyu suka bi shi, na ukun ya tsaya inda yake. Ta dawo da ita, ya sake zama a gefensu kamar ɗan uwansu.

Ta ce, "Duk abin da bai motsa tare da takarda ba, ba a takarda yake ba. Datti ne a gilashin da na sa yanzu. Ya daɗe a aljihun tebur."

Ta sake kwance kyamarar, ta hura wa gilashin iska da wata 'yar roba, ta goge da takarda mai laushi, ta mayar. Dole ta sake saita wuyan kyamarar daga farko. Ɗigo na uku ya ɓace. Na zauna ina kallon wurin da ya bari. Abin da bai wuce ƙwayar gari ba ya mayar da ta zuwa ca a gabana, ni kuma na karanta shi haka nan take. Daga lokacin ne tsoro ya fara shiga ta.

Ta danna don ɗaukar hoto, ya fito da inuwa biyu. Wata tirela ce ta wuce a titi, tebur ya girgiza. Ta sake, hannunta ya taɓa tebur. Ta sa kwamfutar ta ƙirga daƙiƙa biyar kafin ta ɗauka, ta ce kada in yi ko tari. Hoton ya fito fes. Ɗigo biyu, baƙaƙe wuluk, kusa da juna.

Na ce, "To, ga shi. Ta ne." Kuma Allah ya sani, sanyi na ji da na faɗi haka.

Ta ce hasken daga ƙasa yake zuwa, duk abin da ya tare shi baƙi zai fito, ko tawada ko tsakuwa. Ta kashe fitilar ƙasa, ta kunna tocilan wayarta, ta jingina wayar da wani kwalin magani ta yadda hasken zai kwanta a kan takardar daga gefe. Ta koma kan mai rawayan zobe, ta matsa a hankali har ɗigon biyu suka cika fuskar kwamfutar, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

A nan muka daɗe. An kira la'asar, na yi salla a baranda, na dawo na same ta tana faɗa da madubin. In ta murɗa ƙaramin abin murɗawa har ɗigon dama ya fito tar, na hagu ya narke ya zama gajimare. In ta bi na hagu har ya fito, na dama ya narke. Ta ce takardar ce ta lanƙwashe. Ta danne gefenta biyu da 'yan gilasai, ba a sami canji ba. Ta ce kyamarar ce ta karkace, ta kwance ta ɗaure. Ta leƙa da ido, idon ma haka ya nuna mata. Ta share zufa duk da sanyin ɗakin, ta ce, "Wallahi wannan abin ya lalace. Hoto ɗaya nake so, su biyun su fito tare, in kai wa Papa. Ya ƙi."

Na ce ta tsayar min a kan na dama. Ta tsayar. Na san shi. Yana da kusurwa huɗu, ɗan karkatacce, da 'yar jela a inda bakin alƙalami ke ɗagowa. Haka Baba ke yin ɗigo, haka ya koya min, ka dangwala ka ja kaɗan. Tawadar ta shiga cikin igiyoyin takardar ta rina su, kana ganin kowace igiya tana ratsa baƙin.

Na ce, "Kai ni na hagu."

Ta murɗa. Tana murɗawa tana ƙirga 'yan zane-zanen da ke jikin abin, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta koma baya, ta sake dawowa, tana ƙirgawa.

Ta ce, "Baba Ƙarami, madubin lafiyarsa ƙalau. Ba a hawa ɗaya suke ba. Wancan yana cikin takarda, wannan yana samanta. Shi ya sa ba za su taɓa fitowa tare ba."

Na hagun ya fito. Zagaye yake kamar an kifa ƙwarya. Ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne mai duhu, yana ƙyalli, kuma yana da inuwa a gefen da haske bai kai ba. Babu igiya ko ɗaya da ta ratsa shi, duk ƙarƙashinsa suka bi. Babu kusurwa, babu jela. Babu alƙalamin da na taɓa feƙewa ko na taɓa gani da zai iya ajiye wannan.

Na ce, "Mene ne?"

Ta ce, "Ina ganin irinsa in an bar gilashin gwaji a buɗe ya kwana. Kashin ƙuda ne."

Na san ɗakin da aka rubuta takardar. Ɗakin jinyar Inna ne, kuma ni nake zama da mafici ina korar ƙudaje. Baba kan ajiye abin da ya rubuta a bakin taga tawada ta bushe.

Ɗigo ɗaya ne. Nun ne. "Na yafe masa duniya da lahira."

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Ina jin ta tana ɗaukar hotuna, ɗaya a kan ɗigon dama, ɗaya a kan na hagu, ɗaya na harafin duka da mai jan zobe, tana ƙirga daƙiƙa biyar kowane karo tana jan hanci. Ni ba ƙudan ne ya kashe min jiki ba. Wani abu ne da ya taso min wanda na binne tun ranar da na fara karanta takardar. A ranar na ga ɗigon hagu ya fi haske. Na gani. Idona a lokacin ido ne na ɗan shekara ashirin da bakwai wanda ke bambance tawadar jiya da ta yau. Na tsaya a kan harafin na ɗan lokaci, zuciyata ta ce min, duba da kyau. Ga Yaya a gabana da sabuwar riga da agogo, ni kuma hannuna bai daina warin ɗakin jinya ba. Ban yi ƙarya ba, ɗigo biyu na gani. Amma ban kai takardar bakin taga ba, ban nuna wa wani malami ba, ban ce masa akwai shakka ba. Karatun ya yi min daɗi yadda ya zo, na bar shi haka.

Muka isa gida kafin magariba. Ta ɗora kwamfutarta a kan matashi a gaban mahaifinta, ta nuna masa hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana bayani rabi da Hausa rabi da Faransanci. Ya sa ta koma kan na hagu sau uku. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya taɓa hoton da yatsa, kamar zai kankare shi. Ya ce kowa ya fita, ban da ni.

Ya ce, "Karanta min."

Na ɗauki takardar. Na karanta: "Yau na zauna da uwar babban yaro a kan maganarsa, na yafe masa duniya da lahira."

"Sake."

Na sake. Hawaye yana bin gefen fuskarsa da ya shanye, bai ma san yana zuba ba. Na goge masa da bakin rigata. Ya daɗe yana kallon rufi, leɓensa yana motsi, na ji yana yi wa Baba addu'a da sunansa, sunan da ban ji daga bakinsa ba tun muna samari.

Da ya gama ya juyo da ido kaina. Ya ce, "Ranar nan. Ka yi shakka?"

Da na ce a'a, babu mai ƙaryata ni a duniya. Ga hotuna sun nuna ƙuda ne ya yi ɓarna, kuma sai da madubi mai ƙara girman abu sau ɗari aka gane. Na ce, "Na yi, Yaya. Na ga ɗayan ya fi haske. Ban faɗa maka ba."

"Don me?"

"Haushinka nake ji."

Ya mayar da ido kan rufi. Sannan ya ce, "Shekara talatin, kai."

"Na sani."

"Ba ka sani ba." Ya numfasa. "Yara huɗu. Ko ɗaya ban sa masa ba."

Na sauko daga kujera na durƙusa a gaban gadon. Na ce ya yafe min don Allah, ba ni da abin da zan mayar masa da shi. Ya kalli hannuwana da na ɗora a bakin katifa.

Ya ce, "Kai ka yi jinyar su. Su biyun. Kai kaɗai."

"Ni ne."

"Ban taɓa ce maka sannu ba."

"Ba ka taɓa ba."

"To, sannu." Ya haɗiye miyau da ƙyar. "Na yafe maka. Kai ma ka yafe min. Kada a sake tayar da ita, ko a gaban yara ko a gaban Allah."

Na ce, "Na yafe, Yaya."

Ya ce, "Tashi daga ƙasa, gwiwarka ba ta da kyau. Ba ni ruwa."

Na zuba a kofi, na tallabo kansa, na riƙe masa har ya sha.